Jigidar Inna a Kwata

Shekara talatin da 'yan kai ina zaman rumfar koli a kasuwar birnin Zariya. Ina sayar da allura da kwalli da madubi, ina kuma shirya wa mata jigida, kuma ban taɓa ɗora hannuna a ƙugun matar wani ba. Ba haka ake yi ba. Mace za ta shiga ɗakinta, ta zagaya ƙugunta da zare, ta ƙulla daidai inda ya haɗu, ta naɗe a 'yar takarda ta aiko. Zaren nan shi ne awona. Rabin masu shi ban san fuskarsu ba, amma in zare ya zo ina gane wadda ta samu ƙaruwa, ina gane wadda zaman gidan miji bai karɓe ta ba. In gani, in yi shiru, in yi aikina.

A wurin Inna na koya, mahaifiyata. Boko kuwa a fom tu muka rabu, ba wanda ya yi kewar wani a cikinmu. Saboda haka duk wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya yi haƙuri, ko ya ajiye.

Inna tana da jigida guda da ba ta kasuwa ba. Duwatsun tsakiya ne, na gaske, dogaye, ja mai duhu kamar hantar rago, guda arba'in da uku. Daga wurin tata uwar ta same su, ita kuma an ce fatake suka kawo mata. In ka ɗora ɗaya a kumatunka, ko da tsakar rana ce a watan zafi, sanyi za ka ji. In ka ƙwanƙwasa shi a haƙori sai ya amsa maka da nauyi. Gilashi ba ya haka, roba balle.

Dutse irin wannan yana da dokokinsa. Bakin hudarsa kaifi gare shi, don da hannu aka huda shi, ba inji ba. Zaren da zai riƙe shi sai auduga, a tufke riɓi shida, a goge da kakin zuma har ya yi santsi. Kuma tsakanin kowane dutse da ɗan'uwansa sai an yi ƙulli. Ƙullin nan shi ke hana su cin juna, kuma in tsautsayi ya sa zare ya tsinke, dutse ɗaya ne zai faɗi, sauran suna nan a ɗaure. Duk shekara in damina ta ɗauke, Inna takan yanke tsohon zaren, don gumi da ruwan wanka sun gama da shi. Ta wanke duwatsun da ruwan ɗumi zalla, ba sabulu, ta shanya su a inuwa a kan faifai, ta shafe su da ɗan man kaɗe, ta sake shiryawa, sannan ta kifa kwando a kan kaskon turare ta ɗora jigidar a sama ta sha hayaƙi. Humra ba ta bari ta taɓa zaren, ta ce tana ruɓar da shi. In ta gama sai ta shiga ɗaki ta ɗaura, ƙulli na dindindin, ba kwancewa sai baɗi. Tun daga ranar ba mai sake ganinta. Mu dai mukan ji 'yar ƙararta in Inna ta sunkuya tana tuƙa tuwo, mu yi kamar ba mu ji ba.

Da ciwon ajali ya kama ta, ni ta kira, ba ƙanwata ba. Ta miƙo mini wani ɗan kumbo mai murfi, jigidar na ciki a nannaɗe da farin ƙyalle. Ta ce, "Ta 'yar wajenka ce, ranar da za a kai ta ɗaki. Kai za ka shirya mata da hannunka." Shekara tara kumbon nan yana ƙasan akwatina. Ba mai ɗaurawa, amma duk bayan damina sai na sauya zare, na shafa mai, na turara. Matata har dariya take mini, wai ina yi wa akwati ado.

A cikin shekarun nan tara ne sana'ar ta lalace a kan idona. Yanzu kowace mace mai babbar waya ta zama mai jigida. Su sayo gilashin Caina a buhu, su zarga a zaren roba kamar masu zarga kuɓewa, su ɗauki hoto a kan farin faranti, su laƙa masa suna da Turanci. Wai wannan dutsen yana kwantar da hankali, wancan yana jawo arziki, wancan yana rage tumbi. Rage tumbi! Matan aure da hankalinsu suna saye. Wata ta taɓa kawo mini tata in gyara, shuɗiya shar, ta ce dutsen teku ne daga ƙasar waje. Na kankare da farce, fentin ya fita. Ta ce ni ne na ɓata mata. Ban ƙara karɓar gyaran irinsu ba.

To, yarinyar nan da Inna ta bar wa jigida ita ce 'yar farina. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san me ke nan. Ba na kiran sunanta. In ta gaishe ni ina kallon bango nake amsawa. Uwarta ma haka, sai dai ta ce "waccan". Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka tarar. Abin da duk zai shiga tsakanina da ita, ƙanwata ke ɗauka ta kai ta kawo, ita ce gwaggonta. Ƙanwar tawa kuwa mace ce mai baki, tun muna yara ba ta taɓa kai saƙo yadda aka ba ta ba.

Yarinyar ta yi karatu har jami'a, ta samu wanda take so, ma'aikaci, ɗan mutunci, ban da abin cewa a kansa. Aka sa rana. Saura sati uku biki sai ga ƙanwata a rumfa, ta ture kwalin madubai ta zauna a kan bencina.

"Yaya, 'yarka ta ce a ba ta kayan kakarta."

Na ce, "Sai ta aiko da zare."

"Wane zare kuma? Ta ce inci talatin da shida ne, telanta ya auna."

"Tela? Namiji?"

"Kai Yaya, don Allah. Wanda ke ɗinka mata kayan biki. Duk 'yan matan garin nan shi ke auna su, a kanta za ka fara?"

Na haɗiye wannan. Sai ta ci gaba, tana wasa da kwalbar kwallina. Wai a zaren roba take so, da ɗan maɓallin ƙarfe, yadda za ta cire in ta ga dama. Wai kuma a kan zane za ta ɗaura, ranar ƙauyawa.

Ga wanda bai sani ba, ranar ƙauyawa wani sabon shirme ne da aka ƙara a cikin biki. Amarya da ƙawayenta su ɗaura saƙi, su ɗiga baƙi a fuska, su ɗauki ƙwarya da ludayi, su tafi gidan biki mai na'urar sanyi su yi hoto, wai su mutanen ƙauye. 'Yan matan da ko furar da ke cikin ƙwaryar ba su iya damawa ba. Mutanen ƙauyen na gaske kuwa, da ke kawo mana itace da dawa ta Ƙofar Kibo kullum safiya, ba a gayyatar ko ɗaya.

Na ce, "Inna ce baƙauyiya? Matar da aka haifa cikin ganuwa, ta tsufa cikin ganuwa? Abin da ta ɗaura shekara hamsin ko ni ɗanta ban taɓa gani a jikinta ba, shi za a ɗora a kan zane, ƙattin masu hoto suna haska shi?"

"Zamani ne, Yaya."

"Je ki gaya mata ba na saka dutse a roba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce don me ba. Ban ce bakin dutsen zai yanke robar ba. A raina na ce abin da kowa ya sani ne, sai na tsaya ina yi wa 'yar jami'a bayani?

Ƙanwata ta kai saƙo irin nata. Bayan kwana biyu matata tana zuba mini abinci ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wai an ce ka ce ba ka iya na zamani ba." Ashe abin da aka gaya wa yarinyar ke nan: babanki ya ce shi bai iya ba. Ni. Shekara talatin. Na tashi na bar tuwon, na buɗe akwati, na ɗauko kumbon na dangwarar a gaban matata. Na ce, "Su kai wa wanda ya iya."

Suka kai. Wata Hajiya ce a Gyallesu, cikin masu sayarwa a waya. An ce da ta ga duwatsun har tafi ta yi, ta kira su da wani dogon suna na Turanci, ta ce suna ƙara wa mace ƙarfin zuciya. Ta sa almakashi ta yanke zaren da na tufka da hannuna, ƙulli arba'in da wani abu, ta zubar a shara.

Ana jibi ranar ƙauyawa ƙanwata ta sake zuwa rumfa, da jigidar a cikin wata 'yar jaka mai ƙyalƙyali. Don ta ba ni haushi ta zo, na sani.

"Ga aikin masu ilimi. Duba ka ƙaru."

Na karɓa. An fesa mata turare har tana maiƙo. Robar fara ce siririya, irin ta wuyan wandon yara. Ba ƙulli ko ɗaya, duwatsun sai gogar juna suke. A ƙarshe an maƙala wani maɓalli ruwan gwal, irin wanda nake sayar da dozin ɗinsa a kwali. Na ɗan ja kaɗan, na leƙa tsakanin dutse na uku da na huɗu. Robar har ta fara tashi, ta yi gashi-gashi. Ko ɗaurawa ba a yi ba tukuna.

"Ya ka gani?"

Na mayar cikin jaka na miƙa mata. Na ce, "Ya yi kyau."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kunya ce ta rufe mini baki, wai uba ba ya maganar ƙugun 'yar farinsa. Ƙarya ne. Ƙanwata ce a gabana, ba yarinyar ba, kuma kalma biyar ta isa. So nake ta tsinke. Har na tsara yadda abin zai kasance: za ta tsinke a cikin ɗaki, a kan leda, lokacin da ake ɗaurawa. Su tsince duwatsun tsaf, su zuba a kumbo, gwaggon ta kawo mini kanta a ƙasa, ta ce Yaya a taimaka. Ni kuma in bar ta a tsaye kaɗan kafin in karɓa. Har abin da zan faɗa na tanada.

Ranar Alhamis ce. An yi ruwa da azahar, mai ƙarfi, ya ɗauke kafin la'asar. Gidanmu a cikin lungu yake, mota ba ta shiga, sai an taka zuwa bakin titi. Kuma a ƙofar zaurenmu akwai kwata, buɗaɗɗiya, wadda ke ɗauke da ruwan wankan gidaje wajen goma ta gangara da shi wajen ganuwa. Ranar cike take, tana gudu. Ina zaune a kan dakali da farar shaddata, ni da wasu dattawan unguwa da suka zo taya ni zaman biki.

Suka fito. Ƙawaye a gaba da ƙorai a ka, kowacce waya a hannu, mai hoto yana tafiya da baya yana ba da umarni. Ita a tsakiya. Na kawar da kai kamar yadda na saba, amma na riga na gani: duwatsun Inna a kan saƙi, a fili, robar ta miƙe iya miƙewa don an ɗora ta a kan zane riɓi biyu. Telan da ya auna inci talatin da shida bai san da wannan ba.

Ta ɗaga ƙafa za ta tsallake kwatar.

Ƙarar kamar ƙanƙara a kan kwano. Duka arba'in da ukun suka tafi lokaci guda. Wasu suka yi tsalle a kan siminti, wasu suka shige ƙarƙashin takalman ƙawaye, mafi yawa suka faɗa ruwa. Abin da ya rage a jikinta sai guntun roba da maɓallin gwal yana lilo.

Wata ƙawa ta ƙyalƙyale da dariya. Wata ta ce, "Ayya, ƙyale shi, ni ina da wata a jaka, ta fi wannan haske ma." Mai hoto ya ce, "Amarya a yi murmushi, lokaci na tafiya." Ita ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo. Ban san me ta gani a fuskata ba. Gwaggonta ta ja hannunta suka wuce.

Na shiga gida na ɗauko rariyar tankaɗe ta matata. Na naɗe wando, na shiga kwatar da shaddata. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Haba Malam, uban amarya a kwata? Bari a samu wanda zai shiga." Na ce ba wanda ya san abin da ake nema sai ni. Gaskiya ne kuma. A cikin baƙin taɓon nan ido ba ya aiki, da yatsa nake ganewa, in na ji abu mai santsi da nauyi. Na ɗebo taɓo, na tace, na zubar. Ledar ruwa, ƙashin kaza, murfin kwalba, dutse ɗaya. Haka na bi kwatar gida bayan gida, mutane suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo, har aka kira magariba. Washegari da sassafe na sake bi har inda ruwan ke fita ta gindin ganuwa. Ban ƙara samun ko ɗaya ba.

Talatin da biyu. Goma sha ɗaya sun tafi.

Na wanke su da ruwan ɗumi sau uku, na shanya a inuwa a kan faifan Inna, na shafa man kaɗe, na mayar cikin kumbo, na kai rumfa. Aka ɗaura aure, aka kai amarya wajen Kufena inda mijin ya kama gida. An ce hotunan ranar ƙauyawa sun yi kyau ƙwarai, da jigidar ƙawar nan mai haske.

Bayan sati biyu ƙanwata ta zo rumfa. Wannan karon ba ta ture komai ba, ba ta ma zauna ba. Ta ajiye 'yar takarda a nannaɗe a kan tebur. Na buɗe. Zare ne fari, da ƙulli ɗaya.

"Ita ta auna da kanta. Ban ce ta yi ba."

Na ce to.

"Yaya, in tambaye ka. Ranar da na kawo maka ka duba, ka san za ta tsinke?"

Da na ce a'a, da ta yarda. Ba ta san komai a kan dutse ba. Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ita yarinya ce, ba ta sani ba. Hajiyar can 'yar kasuwa ce, ba ta sani ba. Ni ma jaka ce, ban sani ba. Kai kaɗai ka sani a duk garin nan, kai Inna ta ba wa. Kuma ka ce ya yi kyau."

Wata mata ta zo sayen allura, na sallame ta. Na shimfiɗa zaren awon a kan tebur, na jera duwatsun a gefensa. Taƙi ɗaya cur suka gaza.

Ƙanwata ta leƙo. Zuciyarta ba ta riƙe fushi, shi ne kawai abin kirkinta. Ta nuna wani kwali a bayana ta ce, "Ga jajayen gilashi can, kamarsu ɗaya. Cike da su mana. A baya za su zauna, wa zai gani?"

Na ce, "Da ma ba don a gani ake ɗaurawa ba."

"To sai ka nemo na gaske."

Na nema. Na tambayi 'yan kolin da suka girme ni, na aika Kano. Abin da aka kawo mini sabon yanka ne na inji, ja kamar alewa, hudar a miƙe sumul. Dutse ne, ban ce ba dutse ba ne, amma in ka jera shi kusa da na Inna kamar ka sa haƙorin roba a bakin tsoho. Na mayar.

Na tufka auduga riɓi shida, na goge da kaki. Na zarga dutse, na ƙulla, na zarga, na ƙulla, har talatin da biyu. Da duwatsu suka ƙare na ci gaba da ƙulli a kan zaren tsirara, ina barin gurbin dutse tsakanin kowane biyu, har gurbi goma sha ɗaya. Awo ya cika daidai. Na kifa kwando a kan kasko na turara ta, na naɗe a farin ƙyallen, na sa a kumbo, na ba ƙanwata. Na ce ta ɗaura mata da kanta, a kan fata, ƙulli na dindindin. Na ce kuma ta gaya mata ban da humra, ban da sabulu, kuma in damina ta ɗauke a yanke a kawo mini. Na sa ta maimaita saƙon sau biyu a gabana.

Da ta dawo na tambaye ta ko yarinyar ta ce wani abu. Ta ce ta shafa wurin da ba duwatsu, ta tambaya wannan fa. "Na ce mata wannan rabon babanki ne." Ban sani ba ko haka ta faɗa, ko ta ƙara, ko ta rage. Ƙanwata ce.

Hajiyar Gyallesu tana nan tana ciniki. An nuna mini a waya, har yau hoton duwatsun Inna na shafinta, a kan farin faranti, duka arba'in da ukun, da dogon sunan Turancin a ƙasa. Mata suna ta tambayar ko akwai saura.

Bana da ruwa ya ɗauke, kumbon ya dawo rumfa, da sabuwar 'yar takarda a ciki. Na shimfiɗa zaren a kan na bara. Ya ƙaru da yatsa huɗu. Na gane, ban tambayi kowa ba. Na wanke duwatsun, na shanya a inuwa, na tufka zare mai ɗan tsawo, na ƙara gurbi biyu a wurin da babu komai.